Giɓin Ciniki da Girman Gwamnati: Darasin Shekarun Arzikin Man Fetur a Nijeriya

Gabatarwa

Tun daga lokacin da ƙasashen Afirka suka sami mulkin kai, akwai tambayoyi biyu da ba su taɓa barin bakin shugabanni da masana tattalin arziki ba. Ta farko ita ce, shin ƙasar da take sayen kaya daga waje fiye da yadda take sayarwa, hanyar tsiya ta kama? Ta biyu kuwa ita ce, shin gwamnati mai yawan ma'aikata da ma'aikatu da kamfanoni ciyar da ƙasa gaba take yi, ko kuwa danne ta take yi? Galibi akan ɗauki tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, kamar babu abin da ya haɗa su. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma amsarsu duka biyu tana rataye a kan tambaya ta uku, watau, me aka yi da kuɗin? Domin kada maganar ta tsaya a kan ƙa'ida kawai, za a bi tarihin Nijeriya daga 1973, shekarar da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi, zuwa 1986, shekarar da aka karya darajar Naira.

Ma'anar Kalmomi

Kowace ƙasa tana da littafin lissafin hulɗarta da sauran duniya. A shafi ɗaya akan rubuta kuɗin abin da ta sayar a waje, a ɗaya shafin kuma kuɗin abin da ta sayo. In abin da ta sayo ya rinjayi abin da ta sayar, an sami giɓin ciniki ke nan. In kuwa akasin haka ne, an sami rara. Lissafin bai tsaya ga kayan da ido ke gani a tashar jiragen ruwa ba. Akwai kuɗin dakon kaya, da na inshora, da ruwan bashi, da ribar da kamfanonin waje ke aikawa gida, da guzurin alhazai da na ɗaliban da ke karatu a ƙetare. Duk waɗannan da kuɗin waje ake biyansu. Hanyoyi uku ne kawai ake cike giɓi da su: ko ƙasa ta taɓa ajiyarta ta kuɗin waje, ko ta ci bashi, ko kuma baƙi su kawo jarinsu su zuba.

Girman gwamnati kuwa, ma'aunin da aka fi sani shi ne a duba abin da gwamnati ta kashe a shekara, a kwatanta shi da jimlar abin da ƙasa duka ta samar a wannan shekara. Amma akwai wani girma da wannan ma'auni ba ya kamawa, watau yawan al'amuran da ba su yiwuwa sai da sa hannun hukuma: lasin shigo da kaya, ƙayyade farashi, rabon kuɗin waje, da mallakar kamfanoni. Bunƙasar arziki kuma ita ce ƙaruwar abin da ƙasa ke samarwa, na gona da na masana'antu da na ayyuka, bayan an cire hauhawar farashi daga lissafi.

Igiyar da ta Ɗaure Giɓi Biyu

A ƙaddara wata ƙasa ta samar da kaya da ayyuka na Naira 100 a shekara. Jama'arta suka ci suka sha suka sa sutura ta Naira 70, 'yan kasuwa suka sayi injuna suka yi gine-gine na Naira 15, gwamnati kuma ta kashe Naira 25. Jimla ta zama Naira 110. Ƙasar ta kashe abin da ba ta samar ba har na Naira 10, kuma babu inda wannan kaya zai fito sai daga waje. Giɓin ciniki ke nan. Ashe giɓin ciniki inuwa ce ta abin da ke faruwa cikin gida: ƙasa ce take kashe fiye da abin da take samarwa. In gwamnati ta ƙara yawan abin da take kashewa, ba ta ƙara haraji ba, jama'a kuma ba su ƙara tsimi ba, to, lalle giɓin kasafin kuɗi zai haifi giɓin ciniki. Haka ya faru a Amurka a shekarun 1980, sa'ad da gwamnatin Ronald Reagan ta rage haraji ta kuma ƙara kuɗin tsaro; giɓin biyu suka tashi tare, har masana suka sa musu suna tagwaye. Inda ba a ga haka ba, kamar a Japan, dalili shi ne mutanen ƙasar masu tsimi ne ƙwarai, ajiyarsu ta ishi gwamnati ranta, har ta yi saura.

Amma kashe fiye da abin da aka samar ba kullum ne ya zama aibu ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manoma biyu na iya cin bashi iri ɗaya a rana ɗaya. Ɗaya ya sayi shanun noma da garma, ɗaya ya yi bikin da za a daɗe ana labarinsa. A littafin mai ba da bashi babu bambanci tsakaninsu, sai ranar biya ake sanin wanda ya yi dabara. Haka ƙasashe suke. Amurka ta shafe mafi yawan shekarun farko na ƙarni na 19 tana sayen kaya fiye da yadda take sayarwa, tana kuma rancen kuɗi daga Ingila, amma da kuɗin ta haƙa hanyoyin ruwa ta shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa, waɗanda daga baya suka biya bashin suka kuma bar riba.

Abin da Masana Suka Faɗa

Jayayya a kan waɗannan al'amura tsohuwa ce. A ƙarni na 16 zuwa na 18 masu mulkin Turai sun ɗauka cewa arzikin ƙasa shi ne zinariya da azurfar da ke taskarta, saboda haka rarar ciniki ita ce nasara. Adam Smith, a littafinsa na 1776, ya rushe wannan ra'ayi, ya nuna cewa arzikin al'umma shi ne abin da hannun mutanenta ke samarwa. Sifen ta zama abin misali: jiragenta sun yi ta kwaso azurfa daga Kudancin Amurka, amma masana'antunta suka raunana, azurfar ta zarce zuwa hannun waɗanda ke saƙa mata tufa.

Game da girman gwamnati kuwa, Ibn Khaldun ya riga Turawa magana a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377. Ya lura cewa a farkon daula haraji kaɗan ne, mutane suna da ƙwarin guiwar noma da fatauci, saboda haka abin da ke shiga baitulmali yana da yawa. In daula ta tsufa, fadawa da askarawa suka yi yawa, sai a yi ta ƙara haraji, sarki ma ya shiga kasuwanci da kansa, talakawa su karaya, abin da ake tarawa ya ragu. Amma shi ɗin dai ya ce hukuma ita ce babbar kasuwa, in ta ƙulle hannunta sauran kasuwanni ma sai su mutu. Wannan ɓangare na biyu shi ne John Maynard Keynes ya faɗaɗa a 1936, inda ya nuna cewa in ciniki ya tsaya mutane suka rasa aiki, wajibi ne gwamnati ta kashe kuɗi don ta tayar da kasuwa. A 1990 Robert Barro ya haɗa ɓangarorin biyu: kuɗin da gwamnati ke kashewa a kan hanya da tsaro da shari'a yana ƙara amfanin jarin 'yan kasuwa, amma harajin da ake biyan su da shi yana rage musu himma, da farko amfanin ya fi cutar yawa, in an wuce wani matsayi kuma cutar ta rinjaya. Kamar gishiri ne a miya. Sai dai babu wani adadi guda da ya dace da kowace tukunya. Gwamnatin Faransa tana kashe fiye da rabin abin da ƙasar ke samarwa, ta Singafo kuwa ba ta cika wuce kashi 20 cikin ɗari ba, kuma duka biyun ƙasashe ne masu wadata.

Zuwan Kuɗin Mai

A 1960 noma ne ƙashin bayan arzikin Nijeriya. Fiye da rabin abin da ƙasar ke samarwa daga gona yake fitowa, kuma gyaɗa da auduga daga Arewa, koko daga Yamma, manja da kwakwar manja daga Gabas, su ne ke kawo mafi yawan kuɗin waje. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya kafu, har Nijeriya ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da ita, dalar gyaɗa kuma ta zama alamar birnin. An sami mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, amma sai bayan yaƙin basasa, wanda ya ƙare a 1970, ya karɓe ragamar tattalin arziki. Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971. A watan Oktoba na 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, kuma cikin watanni kaɗan farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, wanda bai kai Naira miliyan 700 ba a 1970, ya haura miliyan dubu 4 a 1974, ya kai wajen miliyan dubu 15 a 1980, bayan juyin mulkin Iran ya sake ɗaga farashi. Mai ya zama fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasar ke fitarwa.

Wani abu da ya kamata a lura da shi shi ne, kuɗin gyaɗa ta hannun manoma dubbai yake shiga ƙasa, ko da yake hukumomin sayen amfanin gona suna riƙe kaso mai tsoka. Kuɗin mai kuwa kai tsaye yake faɗawa taskar gwamnati. Saboda haka shawarar yadda za a kashe arzikin ƙasa ta koma hannun mutane ƙalilan a Ikko.

Yadda Gwamnati ta Kumbura

Yaƙin basasa ya riga ya faɗaɗa hukuma. Sojan da bai fi dubu 10 ba kafin yaƙi ya kai wajen dubu 250 a ƙarshensa. Jihohi huɗu sun zama 12 a 1967, sun kuma zama 19 a 1976, kowace da gwamnanta da ma'aikatunta da sakatariyarta. Tsarin raya ƙasa na biyu, na 1970 zuwa 1974, wajen Naira miliyan dubu 3 aka tanadar masa. Na uku, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙaddamar a 1975, miliyan dubu 30 ne, daga baya ma aka ɗaga shi ya wuce miliyan dubu 40. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sa gwamnati ta mallaki hannun jari a bankuna da kamfanonin inshora da masana'antu da yawa.

Abubuwa biyu na wannan zamani sun isa misali. Na farko shi ne ƙarin albashi na Udoji. An naɗa hukumar Cif Jerome Udoji don ta gyara tsarin aikin gwamnati, amma abin da aka fi aiwatarwa daga rahotonta na 1974 shi ne ƙarin albashi, wanda ga ƙananan ma'aikata ya ninka abin da suke karɓa, aka kuma biya su ariyas na watanni tara a farkon 1975. Kuɗi suka cika aljihu a lokaci guda, kaya kuwa ba su ƙaru a kasuwa ba. Rediyo da babur da keken ɗinki da firiji suka yi ta shigowa daga waje, farashi kuma ya hau da fiye da kashi 30 cikin ɗari a wannan shekara. Manomi, wanda bai karɓi Udoji ba, shi ma ya biya sabon farashin.

Na biyu shi ne badaƙalar siminti ta 1975. Hukumomin gwamnati sun yi odar siminti wajen tan miliyan 20, miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro, alhali tashar Ikko ba ta iya sauke fiye da wajen tan miliyan 1 na siminti a shekara. Jiragen ruwa fiye da 400 suka yi jerin gwano a bakin teku wata da watanni, ana biyan masu su tarar jinkiri da kuɗin waje a kowace rana, siminti yana daskarewa a cikinsu, sauran kayan masarufi kuma sun rasa hanyar shigowa.

Adalci ne a faɗi cewa ba duka kuɗin ne ya tafi a banza ba. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974. An kafa sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a bakwai a 1975, ciki har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. An fara ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976. An buɗe tagwayen hanyar Ikko zuwa Ibadan da matatar mai ta Warri a 1978, ta Kaduna kuma a 1980. Matsalar ita ce, an ɗora ɗawainiya mai ɗorewa, watau albashi da gyara da tallafi, a kan kuɗin shiga marar tabbas. Tun kafin 1976 ta ƙare kasafin kuɗin tarayya ya shiga giɓi. Kayan da ake shigowa da su, waɗanda ba su kai na Naira miliyan 800 ba a 1970, sun haura na miliyan dubu 8 a 1978, alhali abin da aka fitar a wannan shekara wajen miliyan dubu 6 ne. A shekarar ce Nijeriya ta ci babban bashinta na farko daga bankunan Turai da Amurka, dala miliyan dubu 1.

Yadda Noma ya Durƙushe

Ɓarnar da ta fi tsanani ba ta bayyana a kasafin kuɗi ba, a gona ta bayyana. Masana suna kiranta cutar Holan, sunan da mujallar The Economist ta raɗa a 1977 don bayyana yadda samun iskar gas ya raunana masana'antun wannan ƙasa. Ga yadda take aiki. In dala ta yi yawa a ƙasa, kuɗin gida sai ya yi tsada. A 1980 Naira ɗaya tana sayen wajen dala 1 da santi 80. Duk abin da aka shigo da shi sai ya yi araha, shinkafar Tailan da ta Amurka ta kayar da ta gida a kasuwa. Wanda ya fitar da gyaɗa ko auduga kuwa, in aka canza masa dalarsa, 'yan Nairori kaɗan yake samu, alhali kuɗin ƙwadago ya hau, domin samari sun bar ƙauye sun tafi aikin gini a Ikko da Kaduna da Kano. Manomi ya shiga tsaka mai wuya: abin da yake saye ya yi tsada, abin da yake sayarwa ya faɗi.

Haƙiƙa fari ya taɓa Arewa daga 1972 zuwa 1974, kuma a 1975 wata cuta mai tsumburar da gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta halaka amfanin shekarar. Amma fari yakan wuce, cuta ma takan wuce. Abin da ya hana gyaɗa komawa kasuwar duniya shi ne nomanta don fitarwa ya daina biya. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, ƙasar da ke fitar da man girki ta koma shigo da shi, shinkafar da ake shigowa da ita kuma ta tashi daga 'yan dubban tan a farkon shekarun 1970 zuwa ɗaruruwan dubbai a ƙarshensu. Shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo na 1976, da shirin bunƙasa noma na Alhaji Shehu Shagari na 1980, sun raba taki da iri, amma ba su taɓa darajar Naira ba, wadda ita ce tushen matsalar. Masana'antun da aka kafa ma, irin su na harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko, da kayan da aka ƙero a waje suke aiki. Maimakon su rage buƙatar dala, ƙara ta suka yi.

Ranar Biya

A 1981 mai ya yi kwantai a kasuwar duniya. Nijeriya, wadda take haƙo fiye da ganga miliyan 2 a rana a 1979, ta koma wajen miliyan 1 da dubu 300 a 1982 da 1983. Kuɗin mai ya faɗi daga wajen dala miliyan dubu 25 a 1980 zuwa wajen miliyan dubu 10 a 1983. Amma albashi ba ya raguwa don farashin mai ya faɗi, kwangilar Abuja da ta kamfanin ƙarfe na Ajaokuta kuma an riga an sa hannu. A 1981 an shigo da kaya na kusan Naira miliyan dubu 13, fiye da kowace shekara kafin ta. Shekaru uku a jere, 1981 zuwa 1983, aka yi giɓin ciniki, tattalin arziki kuma yana ja da baya. Ajiyar kuɗin waje ta zube daga wajen dala miliyan dubu 10 zuwa wajen miliyan dubu 1. A watan Afrilu na 1982 gwamnatin Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, aka ƙuntata shigo da kaya da lasin. Lasin kuwa ya zama haja: wanda ke da hanya a ma'aikata ya samu ya sayar, ya ci ribar da mai masana'anta ba ya samu da gumin shekara. A farkon 1983 aka kori baƙi marasa takardu fiye da miliyan 1, mafi yawansu 'yan Gana, tare da 'yan Nijar da Chadi da sauran maƙwabta.

Gwamnatin Manjo Janar Muhammadu Buhari, wadda ta hau mulki a ranar ƙarshe ta 1983, ta rage ma'aikata, ta rufe iyakokin ƙasa, ta matse shigo da kaya ƙwarai. A 1984 da 1985 Nijeriya ta sami rarar ciniki. A nan ne mai nazari ya kamata ya dakata. Da a ce rara ita ce alamar lafiya, da waɗannan shekaru sun zama na farin ciki. Alhali kuwa a cikinsu ne masana'antu suka rasa kayan aiki suka sallami leburori, mutane suka yi dogon layi don sayen sabulu da madara da sukari. Rarar da aka samu ta hanyar hana ƙasa sayen abin da take buƙata, kamar ramar majinyaci ce, ba ta mai motsa jiki ba. Bayan muhawarar da aka yi a ƙasa baki ɗaya a 1985, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙi karɓar rancen Asusun Ba da Lamuni na Duniya, amma a 1986, shekarar da farashin ganga ya faɗi zuwa wajen dala 10, ta ɗauki shirin gyaran tattalin arziki da aka sani da SAP. Aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka soke lasin shigo da kaya, a watan Satumba kuma aka fara gwanjon kuɗin waje, dala ɗaya ta koma wajen Naira 4. Manoman koko da auduga sun ɗan farfaɗo, amma albashin ma'aikaci ya zama ba ya kai shi tsakiyar wata, bashin waje kuma ya haura dala miliyan dubu 30 a 1990.

Jamhuriyar Nijar ta bi irin wannan hanya da yuraniyom. Ma'adinan Arlit da Akuta sun cika taskar gwamnatin Seyni Kountché a ƙarshen shekarun 1970, aka yi gine-gine aka ci bashi. Da farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai ƙasar ta nemi taimakon Asusun Ba da Lamuni a 1983.

Ƙasashe Biyu da Suka Bi Wata Hanya

Domin a tabbatar cewa wannan sakamako ba ƙaddarar duk mai giɓi ko mai man fetur ba ce, ya kamata a duba ƙasashe biyu na Asiya. Koriya ta Kudu ta yi giɓin ciniki kusan kowace shekara tun daga shekarun 1960, ba ta sami rara mai ƙwari ba sai a 1986, kuma ta ci bashi mai yawa. Gwamnatinta ma ba mai naɗe hannu ba ce: ita ke juya bankuna, ita ta gina kamfanin ƙarfe na Pohang. Amma abin da take shigowa da shi injuna ne da ɗanyen kaya, kuma kamfanin da ya karɓi rance mai sauƙi tilas ne ya nuna abin da ya sayar a kasuwar duniya, in ba haka ba a janye masa. Kayan da ƙasar ke fitarwa sun tashi daga na dala miliyan 100 a 1964 zuwa na miliyan dubu 10 a 1977. Pohang ya fara narka ƙarfe a 1973. Ajaokuta kuwa, wanda aka sa hannu a kan kwangilarsa a 1979, ya cika shekara 40 babban tanderunsa bai fara aiki ba.

Indonesiya ta fi kama da Nijeriya: ƙasa ce mai yawan jama'a, mai man fetur, a hannun soja, kuma ba ta tsira daga almundahana ba, domin a 1975 kamfanin manta na Pertamina ya kusa durƙushewa da bashin wajen dala miliyan dubu 10. Bambancin shi ne inda ta karkatar da kuɗin. Ta zuba shi a noman rani da taki da ingantaccen irin shinkafa da hanyoyin ƙauye, ta gina makarantun firamare fiye da dubu 60 tsakanin 1973 da 1978. Bugu da ƙari ta karya darajar kuɗinta a 1978, tun mai yana da tsada, ta sake a 1983 da 1986, don kada manomi da mai masana'anta su rasa kasuwa. Ƙasar da ta fi kowace sayen shinkafa a duniya a shekarun 1970 ta wadatar da kanta a 1984.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da ma'auni uku da suka fi girman giɓi ko girman gwamnati amfani. Na ɗaya, me aka sayo da kuɗin: abin da zai haifar da wani arziki, ko abin da za a cinye? Na biyu, da me aka biya: da kuɗin shiga mai ɗorewa, ko da sa'ar farashin shekara ɗaya? Na uku, me ya sami manomi da mai sana'a a sakamakon haka: an sauƙaƙa musu aiki, ko an sa neman lasin da kwangila ya fi noma da ƙira riba?

Tarihin da ya biyo baya ya nuna cewa darasin bai tsufa ba. A 2005 ƙungiyar masu ba da bashi ta Faris ta yafe wa Nijeriya dala miliyan dubu 18, ƙasar ta biya wajen miliyan dubu 12. An buɗe asusun rarar mai a 2004 don ajiye ribar shekarun wadata, amma aka yi ta ɗiba tun rana ba ta ɓaci ba, saboda haka da farashi ya faɗi a 2014, tattalin arziki ya ja da baya a 2016. A 2022 kuɗin tallafin man fetur kaɗai ya haura Naira tiriliyan 4, kafin a sanar da cire shi a watan Mayu na 2023. Abin mamaki kuma shi ne, in da ma'aunin kuɗi za a bi, gwamnatin Nijeriya tana cikin ƙanana a duniya, domin a mafi yawan shekarun 2010 zuwa 2020 harajin da ta tara bai kai kashi 10 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa ba. Ta yi ƙanƙanta a inda ake buƙatarta, watau makaranta da asibiti da tsaro da wutar lantarki, ta kuma yi nauyi a inda ba a buƙatarta. A mafi yawan shekarun nan ma ƙasar rarar ciniki take samu saboda mai, amma rarar ba ta hana talauci yaɗuwa ba. Saboda haka duk wanda aka kawo wa lissafin giɓi ko na kasafi, kafin ya yi murna ko baƙin ciki, sai ya nemi a nuna masa abin da ke cikin jiragen da suka sauke kaya, da kuma abin da manomi ya samu a kan buhunsa a wannan shekara.